Azumin Garkuwa

Litinin, bayan la'asar

Ustaz ya faɗi yau a gona, a gefen kaskon da muke dafa ruwan rake. Allah ya taimaka ta baya ya faɗi. Da ta gaba ne, da ranar Laraba na kai kasuwar Makarfi mazarƙwaila mai hadisai a ciki. Hannunsa na hagu ne ya gogi bakin kaskon, fata ta tashi.

Ustaz ɗana ne, babban, Zulkifilu. Ni na laƙaba masa Ustaz tun yana ƙarami, ranar da ya gyara mini alwala a gaban baƙi. Yanzu shekararsa ashirin da shida, diflomarsa tana cikin akwati, shi yana juya ruwan rake tare da ubansa. Aikin gwamnati yana hanya. Ya daɗe a hanyar.

Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Aka miƙa masa kofi, ya kau da kai. Azumi yake.

Littafin nan na ƙanwarsa Rahama ne, ta cika rabi ta bar rabi. Ni aji biyar na tsaya a firamare. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya je ya tambayi rake, shi ya cire ni daga makaranta.

Talata, hantsi

Yau ba ya azumi. Ya sha koko, ya riƙe ciki, ya ce lafiya lau.

Abin ya fara ne da Litinin da Alhamis. Aka ƙara kwana uku na tsakiyar wata. Tun ƙarshen damina kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa muna ɗora kaya a babur, na ce, "Ustaz, wai azumin nan duk na mene ne? Ko ka kashe mutum ne ba mu sani ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Garkuwa ne, Baba."

Nan take na gane, don ni ba na buƙatar a yi mini bayani biyu. Shi ke kai mana mazarƙwaila Ikara da ƙauyuka a babur, kuma kowa ya san labarin masu garkuwa da mutane da ake ji a rediyo. Yaro ya samo maganinsu a littafi. Na ji daɗi ƙwarai. A ranar na sanar a teburin Tanko mai shayi cewa ɗana ya fi ƙarfin masu garkuwa, kuma ba da laya ba. Tanko ya yi dariya har ya zubar da madara. Na ɗauka hassada ce, nasa 'ya'yan ƙwallo suka iya.

Ni ma na taɓa gwadawa, ranar da zan je Ikara da kaina. Na ɗauki azumin daga garinmu Kudan, na kai shi har Makarfi. A nan wata mai ƙosai ta yi garkuwa da ni.

Laraba, da yamma

Kasuwa ba laifi. Na bar ƙanena Mamuda a kan kaya, na kai Ustaz wani ƙaramin asibiti a duba hannun. Likitan ya bar hannu ya koma kan cikinsa. Ya danna nan, ya danna can, ya ce olsa ce, kuma ta yi nisa. Ya ce azumin nafila a ajiye shi gaba ɗaya, in ba haka ba wata rana ciki zai huje.

Ustaz ya ce, "In sha Allahu." Na san irin wannan in sha Allahun. Shi nake ba masu neman aron babur.

A hanyar dawowa a kan babur na ce masa daga yau ni zan riƙa kai kaya Ikara, shi ya zauna gida, ba ruwansa da hanya balle masu garkuwa. Ko sun kama ni, yini ɗaya za su yi da surutuna su dawo da ni da kansu.

Ya ce, "Ba hanya ba ce, Baba."

Na ce to mene ne. Iska ta ɗauke amsar.

Alhamis, azahar

Ya ɗauka.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Na tsaya na jira jama'a suka ragu, na matsa kusa da Liman. Bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, wata 'yar fatawa ce. Babu wata addu'a da mutum zai riƙe maimakon azumin garkuwa? Yaron nan cikinsa ya ƙi."

Ya ce, "Wane azumin garkuwa, Malam Yahuza?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da hanyar Ikara. Ban sa mai ƙosai ba.

Liman ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Shi yaron ne ya ce maka saboda masu satar mutane yake yi?"

"Cewa ya yi garkuwa ne."

"To ai gaskiya ya faɗa. Garkuwa irin ta yaƙi, wadda ake tare mashi da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa samari wasiyya: wanda ya sami iko ya yi aure, wanda bai samu ba ya lizimci azumi, zai zame masa garkuwa. Duk ɗan islamiyya ya haddace wannan. Ɗanka aure yake so, Malam Yahuza. Ya daɗe yana gaya maka, da cikinsa."

Na ce, "Af, ai na sani. Gwada ka nake."

Ya ce, "Na ci jarrabawar?"

Na ce ya ci. Na fito na sa takalmin wani, sai a bakin titi na lura.

Juma'a, bayan magariba

Na tambayi Lantana, uwarsa, ko ta sani. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Har kajin gidan nan sun sani."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na fara sau nawa, Malam? Da na ce yaron nan ya girma, sai ka ce e, har ya fi ka gemu, ka kama dariya. Kai ba a samun ƙofar shiga maganarka, ko'ina ka toshe da barkwanci."

Yarinyar da yake so sunanta Wasila. 'Yar Alhaji Safiyanu ce mai shagon hatsi a Likoro, inda Ustaz ke sauke mazarƙwaila. Tana koyar da hadda a islamiyyar matan aure. Lantana ta ce ba zance suke yi irin na 'yan zamani ba. Sau biyu ya je, a zaure, ƙanenta yana zaune.

Na ce to me ya hana shi buɗe baki ya yi magana kamar mutum.

Ta ajiye rariya ta ce, "Rantsuwarka."

Asabar, da safe

Ban rantse ba.

Asabar, la'asar

Na rantse.

Ranar walimar gama makarantarsa ce, shekara biyu da suka wuce. Jama'a sun cika ƙofar gida, shinkafa ta yi daɗi, bakina ya buɗe. Wani ya ce saura aure. Na miƙe na ce wallahi ba mai aure a gidan nan sai albashi ya fara shigowa, don na gaji da aurar da rake ga rake. Aka yi dariya sosai, har da tafi. Ni abin da na riƙe daga ranar ke nan, tafin.

Shi kuma ya riƙe wallahin.

Lahadi, hantsi

Ba na azumi, amma ban ci komai ba. Lantana ta ce ko ni ma garkuwar ce. Wannan ita ce dariya ta farko da aka yi a gidan nan ba da izinina ba.

Litinin, azahar

Muna gona, ni da shi, injin matse rake ya mutu muna jiran mai gyara. Yana zaune a inuwar mangwaro, hannu a naɗe, leɓe a bushe. Na zauna nesa kaɗan, na fuskanci rake, don irin wannan magana ba a yin ta ido cikin ido.

Na ce, "An ce Likoro akwai hatsi mai kyau."

Ya gyara naɗin hannunsa.

Na ce, "Maganar walima wasa ne. Kai ma ka san ubanka."

Ya ce, "Ka ambaci sunan Allah, Baba. Ba zan zama dalilin da za ka karya ba."

"To ka jira aikin mana. Ka ci abinci ka jira. Mutane nawa ne suka kai talatin ba aure, ga su nan da ƙibarsu?"

Ya daɗe yana wasa da ɓawon rake. Sannan ya ce, "Baba, kai ka kai ni islamiyya da hannunka. Aka koya mana runtse ido. Na runtse a makaranta, na runtse a Zariya, waya tana aljihuna ina runtsewa. Ba a gaya mana har yaushe ba. Abu biyu kawai aka ba mu, aure ko azumi. Ɗayan ka rufe."

Na ce, "Kuma sai ita?"

"Ina son wadda za ta tashe ni sallar asuba, ni ma in tashe ta."

Na ce, "Ladan bai ishe ka ba? Ga lasifika har biyu."

Ya yi murmushi don ladabi. Mai gyara ya iso, na tashi da sauri kamar ni na fi kowa damuwa da injin.

Talata, da yamma

Abin da ban gaya masa ba: mai mata ba ya jiran aiki. Mai mata buhun masara yake jira. Daga ranar da aka kawo amarya, diflomar nan ta zama shimfiɗar akwati, shi kuma ya zama Zulkifilu mai mazarƙwaila, ɗan Yahuza mai mazarƙwaila. Na san yadda abin yake tafiya, na ga wani da ya faru da shi, muna yawan haɗuwa a madubi.

Rake ba laifi ba ne. Ya ciyar da mu. Kawai dai na so a ce a gidan nan akwai mutum ɗaya da ƙuda ba ya binsa.

Laraba, bayan isha'i

Kasuwa. Tanko ya zo sayen mazarƙwaila, ya ce, "Yahuza, ya labarin masu garkuwa?" Na ce suna gaishe shi. Na ba shi wadda ta fi ƙonewa.

Alhamis, da safe

Ya ɗauka.

Lantana ta kira ni bayan ɗakinsa ta nuna mini abin da ya amayar. Ba zan rubuta launinsa ba. Ta rufe da ƙasa. Ta koma kan aikinta, ni kuwa na fi son a ce ta yi faɗa.

Juma'a, la'asar

Na je Likoro sayen masara. Muna da masara.

Alhaji Safiyanu dattijo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Muka gaisa, muka tambayi iyali, gona, sanyi, kasuwa, muka sake zagayowa. Na yaba masararsa. Ya yaba mazarƙwailata. Har yabo ya ƙare.

Shi ya fara. Ya ce, "Malam Yahuza, yaronka yaron kirki ne. In ya zo sauke kaya, ƙasa yake kallo har ya tafi. Har na fara zaton wani abu ya yar a shagona."

Na ce haka yake tun yana yaro, a wurina ya gado.

Ya ce wasu mutane daga garin Taba sun aiko neman Wasila, ɗansu ma'aikacin asibiti ne. Ya tambaye ta, ta faɗi inda ranta yake, kuma shi ba zai ba ta wanda ba ta so ba. Amma ba zai iya ta cewa mutane su jira ba alhali daga Kudan ko tari ba a yi ba. In aka gama yankan rake bai ji komai ba, zai zaunar da ita ya gaya mata ta cire rai.

Na ce, "Alhaji, yaron ba shi da albashi."

Ya ce, "Ni ma ba ni da shi. Na aurar da huɗu." Ya gyara bakin buhu ya ƙara da cewa, "A gidana ma abinci ya fara ragowa Litinin da Alhamis. Uwarta ta dame ni."

Na sayi masara rabin buhu. Na dawo da ita gida, Lantana ta duba ta, ta dube ni.

Asabar

Ba abin rubutawa. Inji lafiya. Rake ya kusa ƙarewa.

Lahadi, bayan azahar

Na koma wurin Liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya yi rantsuwa yana dariya."

Ya ce, "Mutumin ya ce wallahi?"

"Ya ce. Amma kowa ya san shi da wasa."

"Dariyar tasa ce, sunan na Allah ne. Ta hau kansa."

Na ce to shi ke nan, an rufe ƙofa ke nan.

Ya ce, "Wa ya rufe? Wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi wanda ya fi alherin, ya yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma. Yaronka ya san wannan sarai."

"Ya sani? To me ya sa bai faɗa ba?"

"Ɗa ya zo ya ce wa ubansa karya rantsuwarka don in yi aure? Kai ka yi masa tarbiyyar, Malam Yahuza, kai za ka fi ni sani."

Na ce ba za a iya yin kaffarar a ɓoye ba, ko da azumi ne. Ya ce azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne, ni kuwa an ga rabin buhun masara ya shiga gidana shekaranjiya. Garin nan ba a yin komai a ɓoye.

Litinin, hantsi

Ya ɗauka. Ya yi sallar walha a zaune.

Litinin, bayan la'asar

Na kira Mamuda, don neman aure aikin baffa ne. Na ce ya shirya ranar Laraba ya je Likoro, shi da Liman.

Ya ce, "Yaya, albashin ya shigo ne?"

Na ce ya shiga harkar gabansa.

Ya ce, "Ai ita ce a gabana. Tun bara na ɗinka rigar zuwa."

Talata, azahar

An yi tuwon masara da miyar kuɓewa, da nama, don kada a ce. Mutum goma Liman ya turo, na ƙofar gida kuma da suka zo kallo sun fi su yawa. A Kudan in aka ga magidanci ya tara mutum goma cif yana ciyarwa ba suna ba, ba sadakar mamaci ba, an san abin da ya karye.

Tanko ya leƙo ya ce, "Wace ce daga ciki? Rantsuwoyinka da yawa."

Na ce ta walima.

Ya ce, "Kash. Ita ce ta fi ban dariya."

Ustaz yana gona, na tura shi da gangan. Da ya dawo ya ga kwanuka, ya dubi uwarsa, ya shige ɗaki. Rahama ta ce ta ji kamar yana kuka. Na ce hayaƙin murhu ne, ta je ta yi wanke-wanke.

Laraba, bayan magariba

Sun dawo. An karɓe su, an ba mu. Mamuda ya ce Alhaji ya tambayi lokacin da muke so, shi kuma ya faɗi abin da na ce ya faɗa: baɗi war haka, bayan rake. Kafin nan an gama ɗakin da muka fara ginawa a bayan gida, kuma wa ya sani, ko aikin nan ya gaji da hanya ya iso.

Na ga dabarar ta yi kyau. Kowa ya samu. Na ci tuwo har da ƙari.

Alhamis, azahar

Na ɗauki kular abinci da kaina na kai gona. Shinkafa da wake, Lantana ta sa man gyaɗa, ba yaji saboda cikin. Ustaz yana ɗaure ragowar rake. Na ajiye kular a gabansa, na fuskanci gabas kamar mai duba hadari.

Na ce, "Baffanka ya dawo daga Likoro. An ba ka. Sai ka ci abinci."

Ya durƙusa ya yi godiya, ya yi mini addu'a mai tsawo, rabinta da Larabci, ina amin ko a inda ban gane ba. Da ya gama ya koma kan rakensa. Kular tana nan a rufe.

Na ce, "Ustaz, abincin."

Ya ce, "Na ɗauki azumi, Baba."

"Na me kuma? Ba an ba ka ba?"

"Alkawari aka yi, Baba. Ba a ɗaura ba." Ya ja igiya ya ƙulle. "Yanzu ma ya fi wuya. Da can ban san ko tawa ce ba."

Na tambaye shi har yaushe. Ya ce har ranar.

Na tsaya ina lissafa Litinin da Alhamis da ke tsakanin yau da baɗi, na ga ba su da iyaka. Na tuna abin da Lantana ta rufe da ƙasa. Na nemi abin dariya da zan faɗa, na laluba ko'ina, babu.

Na bar masa kular ta jira magariba, na hau babur.

Alhamis, bayan la'asar

Na sami Mamuda yana wanke rigar zuwa. Na ce ya mayar da ita jikinsa ko da jiƙa, ya koma Likoro ya ce wa Alhaji kuskure aka yi wurin faɗin lokaci. A ɗaura aure Juma'a ta sama, in sun yarda. Biki da kayan ɗaki su biyo baya a hankali.

Ya ce, "Yaya, jiya fa ka ce baɗi."

Na ce jiya wasa nake.

Juma'a, da safe

Sun yarda.

Lantana ta ce ɗakin ko rufi ba a yi masa ba, ina za a sa 'yar mutane. Na ce damina da saura.